An ba ni shugabanci, 'yan garinmu sun fara kawo kyauta

Ɗan'uwa, na fahimci damuwarka. Ka gama digiri, an ɗora ka kan ma'aikata a kamfanin hidimar alhazai a Makka, yanzu 'yan garinku na aiko da turare da dabino suna neman a ɗauki 'ya'yansu. Ka karɓa ko ka ƙi?

Digiri bai canza halin kowa. Wanda ya saba satar amsa a aji, in ya hau kujera, takardun kuɗi zai yi wa haka. Ni ma na riƙe irin wannan aiki a Jidda, kuma abin da ya tsare ni shi ne hadisin Ibn Lutbiyya, mai karɓar zakka da ya ce wannan naku, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa?

Kuskuren da muke yawan yi shi ne kunya. Dattijo ya zo, sai ka ce "in sha Allah" alhali ka san ba za ka yi ba. Gara ka ce, "Baba, yaron ya kawo takardunsa kamar kowa, ni ba zan zauna a tantancewarsa ba." Kyautar kuma ka mayar cikin ladabi, kar ka ɓoye wa manajanka.

In kuɗi ko kwangilar gwamnati suka shigo, nemi lauya, domin Nazaha, hukumar yaƙi da rashawa ta Saudiyya, na bibiyar cin hanci.