Ɗiyata, kan maganar mayar da yara gidan ubansu

Ɗiyata, bayan gaisuwa da fatan ke da yara kuna lafiya.

Na saurari saƙon muryar da kika turo har ƙarshe. Kin ce tun da iddarki ta cika, kakar yaran ta wajen uba take ta aike a mayar mata da jikokinta kafin a koma makaranta a watan Satumba, wai ɗa na uba ne, bazawara ba ta riƙon 'ya'ya. Kina tambaya ko haka al'ada take, kuma in kin ƙi, ko kin yi rashin kunya ke nan.

Haka al'adar take, tsohuwar ba ƙarya ta yi ba. Mu da muka tashi cikin gari, tsakanin Ƙofar Rini da Hubbare, abin da muka buɗe ido muka gani ke nan. Aure ya mutu, mace ta kwashe kwanoninta ta koma gida, na goye kaɗai take tafiya da shi, shi ma ranar da aka yaye shi sai a aiko a ɗauka. Sai dai ki tambaya, wane irin gida ake mayar da yaron a wancan zamani? Gidan gandu ne, sassa biyar ko shida, zaure ɗaya, rumbu ɗaya. Kaka tana nan da ɗakinta da tukunyarta, gwaggwanni suna shiga suna fita. Dama tun yaye a ɗakin kaka yaro yake kwana, balle ɗan fari, wanda uwa ke jin kunyar ko kiran sunansa. Ita kuma wadda ta fito ba ta jimawa, kafin shekara ta zagayo an ɗaura mata wani aure, ƙila a Wurno ko Gwadabawa, sabon mijin kuwa ba ya marmarin agola. A irin wannan zama, barin yaro a gidan ubansa gata ne aka yi masa.

Yanzu fa? Uban yaranki ciki da falo yake haya, ya fita tun safe sai bayan isha'i. Tsohuwar da ke ta aike tana wata unguwa, ƙafa ta hana ta ko zuwa makwabta. To hannun wa za su faɗa? Hannun amaryar da ba a shawarce ta ba, wadda ita ma gobe za ta haifi nata. Ban ce kowace matar uba muguwa ce ba, na san waɗanda suka riƙe 'ya'yan kishiya da amana har ba ka bambance su da nasu. Amma na fi ganin ɗayan: yarinya ta koma mai wanke-wanke da raino, yaro kuma in ya fara ƙiriniya a haɗa shi da wani malami mai tafiya gabas, a ce karatu. An riƙe sunan al'ada, an yar da gidan da ya sa take da amfani.

Kuma mu nan Sakkwato bai kamata a rufe mana baki da kalmar al'ada ba, domin Shehu Usmanu da kansa ya yi rubutu mai yawa kan al'adun da suka saɓa wa shari'a. Abin da muka karanta a Risala, littafin da kowane zaure na garin nan ya sani, a fili yake: bayan saki, riƙon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, wato innarki, bayanta ƙanwar uwa ko yayarta. Dangin uba suna can baya a layi. Wata mata ta taɓa kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙarar mijin da ya sake ta yana son ƙwace ɗa, ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. A Suratul Baƙara kuma, aya ta 233, an hana a cutar da uwa saboda ɗanta, an hana a cutar da uba saboda ɗansa.

Ɗa na uba ne, babu musu, shi ya sa ci da sha da sutura da magani duk a wuyansa suke, har da wani kaso na kuɗin wurin kwana. Malaman Malikiyya sun ce hannun mai riƙo ake damƙa wa abin ciyarwa, uba ba shi da ikon cewa a turo yaro ya ci a gidansa ya koma. Shi kuma yana da haƙƙin ya zo ya duba su, ya tsawata, ya sa baki kan makarantar da za su yi. Wannan rabin maganar ne dangin miji suke mantawa, sai su tuna da sunan uba su manta da buhun gero. Ke ma akwai abin da zai iya zubar miki da haƙƙin: in aka tabbatar da sakaci, ko gidan ba amintacce ba ne, ko kika yi ƙaura mai nisa da su. Saboda haka maganar komawa Kano wurin ƙawarki da kika taɓa yi mini, ki ajiye ta tukuna.

Sanin haƙƙi daban, yadda za a karɓe shi daban. Ba ke za ki je ki tsaya gaban tsohuwa kina jawo mata aya ba. Ranar da kika yi haka kin ba su abin da suke nema, gari ya ɗauka cewa ɗiyar gidanmu ba ta da tarbiyya. Ubanki, ƙanena, mutum ne mai kawaici, in aka bar shi sai ya ce a ba su don a zauna lafiya. Ni zan yi masa magana. Shi da baffanki za su nemi limamin unguwa da mai unguwa, a kira uban yaran da wani babba nasu, a zauna a zaure. Abin da aka yanke a rubuta shi, shaidu su sa hannu: nawa ne na abinci a wata, wa zai biya na makaranta a kowane zango, wace rana yara za su je can. Kada ki yarda da "in Allah ya hore zan riƙa aikowa". Kowa ya san Allah ne mai horewa, amma a faɗi adadi. In sulhu ya ƙi, alƙali yana nan, kuma zuwa kotun shari'a neman abincin yara ba tonon asiri ba ne, duk da na san za a ce haka.

In Allah ya sa suka zauna hannunki, ga inda mata da yawa suke ɓata nasararsu: sai su rufe ƙofa. Kada ki yi. Ranar Juma'a ki yi musu wanka, ki sa musu kaya masu kyau, su je su gaida kakarsu, ko da ƙullin goro ne su riƙa mata. Sallah ƙarama da babba su yi yini can, hutun ƙarshen shekara su yi kwanaki. Zumunta a ƙafa take, kuma tsohuwar nan, in kin duba, rabin rigimarta tsoro ne kada jikoki su tashi ba su san ta ba. Duk abin da ubansu ya yi miki, kada ya fito bakinki gabansu. Ko ba don komai ba, ranar da babban zai nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma, ta wajen ubansa za a bi, ranar auren yarinya kuma shi ne waliyyi. Ki ma karɓi takardun haihuwarsu tun yanzu da ake magana, ki adana, ki yi musu rajistar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, tunda ba a zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a, sai da ita.

Zaman yau da gobe kuwa, ba zan yi miki daɗin baki ba, akwai wuya. Ke ce mai tashin asuba, ke ce mai dama koko, ke ce mai neman takalmin da ya ɓace ana saura minti goma a rufe ƙofar makaranta, ke ce mai tare ɗan kabu-kabu. Su dawo da azahar cikin zafin bazara da ke wuce digiri 40, su watsa ruwa, su ci abin da ya samu, la'asar kuma sai Islamiyya. Ki sauƙaƙa wa kanki. Guga da haɗa jaka a yi su da dare. Ɗan shekara 11 ya isa ya wanke kayan makarantarsa ya ɗebo ruwa, kada ki ce namiji ne. Kuɗin tara in babu, ɗumamen tuwo ko ƙulli-ƙulli da gari a roba ba abin kunya ba ne, da shi muka yi karatu.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Mun san duk da haka akwai yunifom da littattafai da 'yan kuɗaɗen da ake karɓa. Amma kada gasa ta sa ki kai su makarantar kuɗi da za a riƙa koro su kowane zango. Yaron da ake korowa gaban 'yan ajinsu, abin yana zama masa a rai fiye da yadda manya suke zato. Gara ta gwamnati da kike leƙawa. Ki je da kanki ki ga hedimasta da malamin aji, ki gaya musu halin da ake ciki a taƙaice, ki bar lambar wayarki. Taron iyaye da malamai kada ya wuce ki don kawai maza sun fi yawa a wurin. Da dare ki ce a buɗe littafi a karanta miki, ko ba ki gane lissafin ba za ki gane shafin da ba a rubuta komai a kai ba.

Babban yana shiga shekarun da yake son ganin namiji gabansa. Ki haɗa shi da kawunsa, ya riƙa tafiya da shi masallaci, ranar Asabar ya zauna masa a shago. Ki san abokansa da sunan gidajensu. Kuma kada ki mai da shi abokin shawararki. Na ga mata suna zaunar da ɗan yaro suna zayyana masa bashin da ake bin su da abin da ubansa ya yi, wai shi ne mai gida yanzu. Yaro ne. Kukanki ki kawo mini, ko ki kai wa innarki.

Ita kuwa ta tsakiya, na san za a ba ki shawarar ɗora mata talla, a ce da shi ake tara kayan ɗaki. A nan ba ni da sassauci. Tire a kai, tasha da bakin kasuwa, yarinya 'yar shekara 9, kuma gobe shi ne hujjar farko da za a kai gaban alƙali a ce kin yi sakaci. Garin da Nana Asma'u ta rayu har ta rasu a 1864, tana naɗa jajis, wato jagororin mata, tana ɗora musu malfa, tana tura su ƙauyuka su karantar da mata, ba a nan za a ce karatun ɗiya mace baƙon abu ne ba. Mafi yawan matan da suka riƙe wannan aiki na 'Yan Taru manya ne da suka ga duniya, ba wanda ya ce su koma gefe su jira.

Sana'a ki riƙe wadda mai saye zai zo har gida, ko wadda za ki ba mai shago ya sayar: ɗinkin da kika iya, kitso, lalle, ƙulli-ƙulli, ƙanƙara lokacin zafi in wuta ta yarda. Adashi ki shiga na matan da kika san gidajensu, ki roƙi kwasarki ta faɗo daidai da komawa makaranta, ba daidai da bikin wata ba. Anko ki yi masa sallama na ɗan lokaci, wadda ta ji haushi ta ji. In kin sami rara, ki sayi jar akuya ko ɗaya ce. Wata 5 take ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye take zubawa, ƙaiƙayi da dusa da ɓawon wake sun riƙe ta, ranar da asibiti ko kuɗin jarrabawa ya taso kuma a kai ɗa ɗaya kasuwar Kara a dawo da kuɗi. Akwai kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, suna taimaka wa mabuƙata ta hannun hakimai da masu unguwanni. In abin ya matsa, ki sa a rubuta sunanki, haƙƙi ne Allah ya ajiye, ba bara ba.

Bakin mutane ba zai rufu ba. In kin yi kwalliya a ce kina neman miji, in kin zauna haka a ce baƙin ciki ya cinye ki. Ki yi wankanki, ki sa turarenki, ki je makarantar matan aure da kika bari, ki fita da dalili ki dawo da wuri. Nana Khadija sai da ta yi aure sau biyu, da 'ya'yanta, kafin Manzon Allah ya aure ta, don haka wanda ya ɗauki zawarci tabo ya je ya sake karatu.

Aure kuma zai zo, ke yarinya ce, kuma ba na cikin masu cewa ki ƙare rayuwarki a ɗakin innarki saboda yara. Amma kada ki yi shi don gudun gori. Duk wanda ya turo, tun zuwan farko ki gaya masa kina da uku, ki ji abin da zai ce, ki kuma lura da yadda yake amsa gaisuwarsu. Ki tuna daga ranar da kika tare, riƙo ya koma hannun innarki, saboda haka ku yi wannan magana da ita tun yanzu, ki ji ko ƙarfinta zai kai, in ba zai kai ba a san wace cikin ƙannenki za ta tsaya. Wanda zai zaunar da ke nan cikin gari, inda yara za su iya zuwa da ƙafa bayan Islamiyya, ya fi mini mai mota da zai kai ki Abuja.

Ranar Asabar bayan la'asar ina nan tafe, in Allah ya yarda. Ki tattara mini rasit na makaranta da katin asibitin auta, ki rubuta abin da kuke ci a wata, don baffanki ya san adadin da zai faɗa a zaure. Kafin nan, in an sake aikowa daga can, ki karɓi ɗan aike da fara'a, ki ba shi ruwa, ki ce magana tana hannun manya.

Ki gaida innarki da jiki.

Gwaggonki