Muryar da aka tura zaure kan ajiye mota mai ɗaki a ƙofar gida

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari muryarka tun da safe, ina wurin aiki ne shi ya sa ka ji ni shiru. Ka ce ka ga mota mai ɗaki, RV ɗin nan, ta hannu, kuɗinta da sauƙi, kana so ka saya ka ajiye a ƙofar gidanka a Katy, nan gefen birnin Houston a jihar Texas, ko akwai matsala. Akwai mana. Amma ni na san ba ajiyar ce damuwarka ba. Duk wanda ke zauren nan ya san Hajiya na tafe saboda haihuwar iyalinka, ga gidan ya cika da yara. So kake ka mayar da motar ɗakin kwana, kai ko samarin ku koma ciki a bar wa Hajiya ɗaki. To wannan kada ma ka fara.

Ajiye motar daban, kwana a cikinta daban. Ko unguwar da ta yarda ka ajiye, da wuya ka ga ta yarda mutum ya tare a ciki. Da an ga ka ja wayar wuta daga gareji, an ga tiyo, an ga fitila na ci cikin dare, shi ke nan an gane. Sannan tankin bayan gida fa? Kwana kaɗan yake cika idan ana amfani da shi kullum, kuma sai ka tuƙa motar zuwa wurin juyewa. Wanda ya juye shi a kwatar ruwan sama ta bakin titi, ba ƙungiyar unguwa zai haɗu da ita ba, hukuma ce kai tsaye.

Yawwa, ajiyar kanta. A cikin birnin Houston doka ta hana mota ta wuce awa 24 a wuri ɗaya a kan titi, tirela kuwa awa 2 ce, in ba haka ba tikiti ko janwe.  Dakata, bar wannan, kai ma ba a cikin birni kake ba. Yawancin gidajen da ake ce wa Katy ba sa ƙarƙashin hukumar garin Katy ɗin ma, a ƙasar gunduma suke, Harris ko Fort Bend ko Waller. Saboda haka mai iko da ƙofar gidanka ita ce ƙungiyar masu gidajen unguwa, HOA. Ranar da ka sayi gidan, cikin tulin takardun da ka yi ta sa wa hannu, akwai sharuɗɗanta. Ka yarda da su ko ka karanta ko ba ka karanta ba, don a jikin filin suke, duk wanda ya saya ya gada. Kuma ba kai kaɗai ba ne, sama da mutum miliyan 70 a Amurka a irin waɗannan unguwanni suke zaune.

Kada ka ɗauke ta kamar mai unguwa, da za ka je bayan la'asar ka gaishe shi ka ce baƙuwa gare ni, ya ce Allah ya kawo ta lafiya. Kamfani suke ɗauka, ma'aikaci ya zaga da mota yana ɗaukar hoto, bai san ka ba, bai san Hajiya ba. Abin da galibi suke rubutawa shi ne kwale-kwale da tirela da mota mai ɗaki ba za su zauna inda ake hango su daga titi ba, sai kwana ɗaya ko biyu na loda kaya ko saukewa. Za ka ce to in sa ta a gareji. Ƙofar garejin gidajenmu ƙafa 7 ce, wasu 8. Irin wadda ka turo hotonta, mai ɗakin kwana a saman direba, ta haura ƙafa 10. Ko ƙaramar nan ta Sprinter ba za ta shiga ba. Bayan gida kuma shingen ƙafa 6 ne, rabinta a waje yake.

Ni fa abin nan ya taɓa ni, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Lokacin guguwar Beryl, Yulin 2024, da wuta ta ɗauke wa sama da gida miliyan 2 a yankin nan, kun san zafin da aka sha. Na je na ɗauko tawa daga wurin ajiya na kawo ƙofar gida, don tana da janareta da na'urar sanyi. Na ja ta nesa da tagogi saboda hayaƙin, don hayaƙin janareta na kisa, an rasa rayuka ta haka a lokacin. Wallahi rabin layinmu a nan suka yi cajin waya. Wata tsohuwa maƙwabciyata a firjin motar ta ajiye allurarta ta ciwon suga. Wuta na dawowa na mayar da ita. Bayan nan sai ga wasiƙa, da hoton motar a ciki, wai na saɓa sharaɗi. Hoton kuma daga tsallaken titi aka ɗauka, daga gidan da kwale-kwalensa ke leƙowa ta saman shinge shekara da shekaru ba wanda ya ce masa uffan. Ɗansa ma ya zo caji! Na je zaman sauraro da hotunana, na kawo tsohuwar ta yi magana, suka janye. Amma ni ba janyewar ba ce, a ce mutum ya sha ruwan sanyi a motarka da rana ya kai ƙararka da yamma. Har yanzu muna gaisawa, haƙƙin maƙwabtaka ne, amma... to, a bar maganar.

Na ji wani a zaure ya ce ai wariya ce kawai. Malam, tarihin gaskiya ne, irin waɗannan sharuɗɗa an yi amfani da su an hana baƙar fata sayen gida, sai a 1948 Kotun Ƙoli ta ce kotuna ba za su ƙara tilasta su ba, dokar 1968 kuma ta haramta wariya a harkar gidaje. Amma sharaɗin mota mai ɗaki fararen ma shi suke kuka da shi, don su suka fi mallakarta. Masu ƙin ta cewa suke tana tare wa mai fitowa daga gareji ganin hanya, tana rufe hanyar masu tafiya a ƙasa, tana karya darajar gidaje. Na farko da na biyu na yarda da su, akwai yara a layi. Na darajar gidaje ban yarda ba. Inda za ka yi ƙorafi shi ne idan an kama ka an ƙyale wani, kuma wannan da hoto da kwanan wata ake yin sa, ba da faɗa a ƙofar gida ba.

A Texas dai doka ta ba ka ɗan numfashi. Kafin su ci ka tara sai sun aiko wasiƙar rajista, sun ba ka lokacin gyarawa, kuma kana da kwana 30 ka nemi a saurare ka. Ba su da ikon sa a sayar da gidanka saboda tara kaɗai. Amma kuɗin shekara na ƙungiya in ka ƙi biya don fushi, wannan kam yana iya kai gida gwanjo, saboda haka kome ya faru ka biya shi. Su Florida sun fi mu, a 2023 suka yi dokar da ta ce in ba a hango motar daga gaban gida ko daga gidan maƙwabci, ƙungiya ba ta da ta cewa. Kada ɗan'uwanmu na Orlando ya ba ka shawara da dokarsu, ba ta aiki a nan.

In don yawo da yara kake so, saya, abu ne mai daɗi, amma ka haɗa lissafin da kuɗin wurin ajiya na wata-wata da inshora, sannan ka sa a duba maka rufin, don yoyo shi ke kashe na hannu. In kuwa don Hajiya ne, kuɗin nan ka sayi gado mai hawa biyu ka haɗe samarin a ɗaki ɗaya. Ka turo min sunan unguwarku a gefe, sharuɗɗan suna ajiye a ofishin magatakardar gunduma, in na tashi aiki sai mu duba sashen motoci tare. A gaida mai jiki.