Zauren Tambaya: Manoma Na Iya Kafa Jam'iyyarsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Daura, ina noman gero da wake, da rani in taɓa lambu. Kakana ɗan jam'iyyar NEPU ne, har ya koma ga Allah yana ba mu labarin yadda talaka ya ɗaga kai. Mu samarin garinmu mun gaji. Taki ya fi ƙarfinmu, lokacin zaɓe a raba mana taliya da sabulu, shi ke nan sai bayan shekara huɗu. Muna so mu kafa jam'iyyar manoman Katsina da Daura zalla. Zai yiwu?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya kyauta namu zuwan.

Jam'iyya irin wadda ka kwatanta, hukumar zaɓe ba za ta yi mata rajista ba. Sashe na 222 na tsarin mulkin 1999 ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko alamar da ke nuna ta wani yanki ce ko wata ƙabila, ya kuma ce dole hedikwatarta ta kasance a Abuja. Sashe na 223 ya ƙara da cewa shugabanninta su fito daga kashi biyu cikin uku na jihohi. An yi haka ne don gudun abin da ya faru a jamhuriya ta farko, lokacin da kowane yanki ya rungume tasa. Ko an samu rajistar ma, riƙe ta aiki ne: a Fabrairun 2020 INEC ta soke jam'iyyu 74 a rana guda.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne maganar kakanka, don ina zargin kun ɗauki rabin labarin kun bar rabi.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma idan kujeru za a ƙirga, ba ta taɓa yin nasarar kirki ba. A zaɓen 1951 'yan takararta sun ci matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, na da ikon cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, don haka ko mutum ɗaya bai kai majalisar Kaduna ba. A 1959 kujeru 8 ta samu a majalisar tarayya, NPC ta Sardauna ta kwashe 134. To me ya sa har yau tsofaffi ke ambaton jagororinta Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur? Saboda kowane ɗan ƙauye ya san abin da suke nema ba sai an fassara masa ba: a daina aikin tilas a gandun masu sarauta, a daina ɗaure mutum a kotun alkali don ya yi taro, a sauke haraji da jangali.

Ku yaran yanzu ba ku san haraji ba. Ina yaro na ga magidanci ya ja akuyar matarsa zuwa kasuwa tun hantsi, ita tana ƙofar gida ta kasa cewa uffan, don wa'adin dagaci ya cika. Takardar shaidar biya kuwa cikin gwangwani ake ajiye ta, ko a naɗe ta a hula in za a yi tafiya, don ana iya tare mutum a hanya a ce ya nuna. Bafulatani kuma da ya ji malamin jangali ya sauka a gari, sai ya kora rabin garken cikin daji da dare. Mai yi wa irin waɗannan mutane alkawarin sawaba ba ya buƙatar taliya.

Alkawarin bai cika ba sai bayan shekara 29. A 1979 PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna, mu kuwa a lokacin muna cikin jihar Kaduna, don sai 1987 aka yanke mana tamu. Balarabe Musa ya kayar da ɗan Katsina, Lawal Kaita na NPN, ya soke haraji da jangali, haka Abubakar Rimi a Kano. Sai dai majalisar jihar Kaduna na hannun NPN, kujeru 64 cikin 99. Suka ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, suka tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Kafin nan ma jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malam Aminu ya rasu a Afrilun 1983, a zaɓen shekarar Lawal Kaita ya karɓe Kaduna. Kujerar ta tafi, amma babu gwamnan farar hular da ya yi gigin cewa a koma kora wa talaka akuya kasuwa kamar da.

Ku 'yan Daura kun ga wani darasin a ƙofar gida. CPC ta Buhari ta ci jihohin Arewa 12 a zaɓen shugaban ƙasa na 2011, da ƙuri'a sama da miliyan 12, amma gwamna ɗaya tak ta samu, a Nasarawa. Son mutum ɗaya ne ya tara jama'ar, tsari a mazaɓu kuwa babu.

Manoman koko na ƙasar Yarabawa ba su kafa jam'iyya ba. Ƙungiyarsu ta Agbekoya ta ƙi biyan haraji a 1968 da 1969, har Awolowo ya je ya zauna da jagoransu Tafa Adeoye, aka rage harajin zuwa fam 2. An zubar da jini a wannan rigima, kamar yadda aka zubar da na manoman Bakolori a 1980, don haka ba hanyar nake nuna muku ba. Abin dubawa shi ne buƙata ɗaya suka riƙe. Haka manoman Indiya suka yi zaman dirshan na shekara guda a bakin Delhi har gwamnati ta janye dokokin noma uku a Nuwamban 2021.

Shawarata, ku kafa ƙungiyar manoma ta mazaɓarku, ku yi mata rajista, kowa ya riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa ranar kasuwa, ma'aji kuma ya karanta lissafi a bainar jama'a. Ku zaɓi magana ɗaya, misali taki ya iso kafin ruwan shuka kuma a raba shi a fili da sunaye. Duk ɗan takarar da ya zo, daga kansila zuwa ɗan majalisa, ya sa hannu a takarda gaban dattawa. Jiharmu na da mazaɓu 361. In ashirin suka yi magana da baki ɗaya, za a ji a gidan gwamnati. Ku kuma nemi 'yan'uwanku na Batsari da Faskari da Jibiya, waɗanda tasu buƙatar ita ce su isa gona su dawo lafiya. Ranar da wani mai kuɗi ya ce zai saya wa shugabanku babur, ku sake shugaba.

TAMBAYA: Malam, ni uwargida ce a cikin birnin Katsina. Wai da gaske ne a zamanin NEPU mata ba sa jefa ƙuri'a?

AMSA: Da gaske ne, Hajiya. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa ba su yi ba. Sai a 1976 aka ba su dama, babban zaɓensu na farko kuma shi ne na 1979. NEPU ta daɗe tana neman wannan haƙƙi, kuma shugabar matanta, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, ta sha ɗauri da duka a kansa. Ta rasu a 2001. Ga samarin Daura can za su kafa ƙungiya, in an yi irinta a unguwarku ki nemi kujerar ma'aji, don masu riƙe adashi sun fi mu iya lissafi.