Tambayi Likita: Alwashin Sabuwar Shekara Da Iya Abin Da Jiki Zai Ɗauka

Daga ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Janairu, saƙonnin da ke shigo mini kan sauya kama. Masu tambayar ƙuraje da ciwon ciki su ragu, masu cin alwashi su cika akwatin. Na zaɓo biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 38, nauyina kilo 104. Na ƙudurta sai na zubar da kilo 30 kafin ƙarshen Maris. Na daina cin abincin dare kwata-kwata, na kuma sayi wani shayin rage ƙiba. A kwana goma na rage kilo 3, amma jiri yana ɗibata, ga yawan zaryar banɗaki. In ci gaba?

Amsa: Malama, shayin nan dai a ajiye shi yau, ba gobe ba. Da yawa daga cikin irinsa akwai ganyen filasko a ciki, ko wani abu mai sa zawo da yawan fitsari. Kilo ukun da kika gani a ma'auni mafi yawansa ruwa ne, kitsen yana nan inda yake. Ruwan kuma ba shi kaɗai yake fita ba, yana tafiya da sinadarin fotasiyam, wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai. Jirin nan jikinki ne ke kawo ƙara. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ki je a auna miki jini da sukari a wannan makon.

Yanzu mu zauna mu yi lissafi. Kilo 30 a mako 13 ya haura kilo 2 a kowane mako. A kilo ɗaya na kitse akwai kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, wajen 7,700. Ke nan sai kin riƙa samun giɓin kalori kusan 2,500 kullum, abin da ya fi abincin yini guda na mata da yawa. Ko kin daina ci ɗungurungum, da ƙyar lissafin zai fita. Ramar gaggawa kuma tana da nata kuɗin fansa: tsoka ta zube, gashi ya kakkaɓe, wasu har tsakuwa ta fito musu a maɗaciya. Abin da jiki ke ɗauka lafiya lau shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

Ga abin da zai sanyaya miki rai. Ba sai kin zubar da 30 ba kafin jikinki ya fara cin riba. A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutum sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari. Wani rukuni daga cikinsu an ɗora musu buri biyu kacal: su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su motsa jiki minti 150 a mako. Cikin kusan shekara uku, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100, har sun zarce rukunin da aka ba maganin metformin. Kashi 7 na nauyinki kilo 7 ne da 'yan kai. Wannan shi ne burin wata shida, kuma za ki iya.

Amma ko shi ban so ki rubuta shi a matsayin alwashi ba, don ma'auni ba ya jin umarni. Wani makon za ki yi komai daidai ya ƙi motsi, saboda al'ada ta kusa ko jiki ya riƙe ruwa, sai gwiwa ta yi sanyi ki watsar da komai. Ki rubuta abin da ke hannunki: tafiyar minti 20 da yamma, kwana biyar a mako, da musanya lemon kwalba da ruwa. Gwangwani ɗaya na lemo mai mililita 330 yakan ɗauki sukari wajen giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50 a yini. Ki dawo da abincin darenki, ki rage masa yawa, ki ci da wuri. Ma'auni kuwa sau ɗaya a mako, da safe, rana ɗaya tsayayya.

Kada ki ɗauka daga sama nake magana. Wata shekara ni ma na ci alwashin gudun awa guda kullum, na sayo na'urar gudu na kafa ta a ɗaki. Kafin Fabrairu ta ƙare, tawul da riguna ake ratayawa a hannunta. Abin da ya ɗore mini har yau ɗan ƙarami ne: hawa matakala maimakon lifta a wurin aiki.

Tambaya: Likita, wayata tana ƙirga mini taku. An ce dole sai 10,000 a rana, ni kuwa aikin zama nake yi, ba na wuce 3,000. Akwai amfanin in fara kuwa?

Amsa: Akwai, Malam. Adadin 10,000 ɗin nan daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a shekarun 1960, sunan na'urar ma "ma'aunin taku dubu goma" yake nufi. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan tsofaffin mata a Amurka ya nuna masu taku wajen 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mace-mace, ribar kuma ta yi ta ƙaruwa har zuwa wajen 7,500. Ka ƙara taku 1,000 a kan naka, tafiyar minti goma ke nan. In ya zauna maka na mako biyu, ka ƙara wani dubun.

Tambaya: Likita, ni dattijo ne, shekarata 61. Shekara shida ke nan ina shan maganin hawan jini. Burina bana in rabu da ƙwayoyin nan. Awona na ƙarshe 128 bisa 80, kuma ba na jin ciwon komai. Har na fara tsallake kwana ɗai-ɗai don jiki ya saba.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Da girmamawa nake roƙo: a koma shan maganin kullum, daga yau. Wannan awon mai kyau aikin ƙwayar ne. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna, mutum yana jin garau alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya suna cin wuya. Wasu magungunan ma, irin su atenolol, in aka yanke su farat ɗaya bugun zuciya da jinin sukan yi tashin da ya fi na da.

Ba na manta wani bawan Allah da aka kawo mana da asuba, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Na tambayi maiɗakinsa maganin da yake sha. Ta zaro kwalin daga jaka ta miƙo mini, na buɗe, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓallo daga katin ba. Ta ce shi ma cewa ya yi ya warke.

Burin da zan ba Baba a madadinsa guda uku ne, kuma su ne hanyar da ke iya kaiwa ga rage maganin. A haɗa shan ƙwayar da wani abin da ba a fashinsa, kamar goge baki da safe. A riƙa awo a gida sau biyu a mako ana rubutawa a littafi, bayan an zauna shiru minti biyar, an jingina baya, hannu yana daidai ƙirji. A kuma rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba, har da wanda ke ɓoye a dunƙulen ɗanɗano da abincin gwangwani. Bayan wata uku zuwa shida a kai wa likita littafin. In ya ga awon ya zauna, shi zai rage da hannunsa. Wasu ana rage musu, wasu kuma sha za su yi ta yi har ƙarshen rayuwa, kuma babu abin kunya a ciki.

Tambaya: Likita, shekarata 29, ina shan sigari kara goma a rana. Wannan ce shekara ta huɗu da nake rantsuwa zan bari, ba na wuce kwana biyar. Bana na haɗa da shiga gidan motsa jiki da barin sukari da barin waya da dare. Ko in rage zuwa kara biyu kawai?

Amsa: Ƙanena, taura biyu ba ta taunuwa, kai kuwa huɗu ka cusa a baki. Ajiye ukun zuwa Afrilu. Babu wanda zai yi wa lafiyarka abin da barin sigari zai yi.

A nan ne kaɗai ba zan ce maka ka yi kaɗan-kaɗan ka tsaya ba. Wani nazari da aka wallafa a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20. Ragewa tsani ne, ba masauki ba. Abin da za ka ƙanƙanta shi ne nisan da kake hangowa. Kada ka ce "har abada", ka ce "yau".

Kwana biyar ɗin da kake faɗuwa ba rashin zuciya ba ne. Ƙishin nikotin, sinadarin da ke sa a kamu da sigari, yana kai ƙololuwa a kwana biyu zuwa uku na farko, da ciwon kai da saurin fushi da rashin barci, sannan ya riƙa lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Wato a tsakiyar gulbin kake sauka duk shekara, kuma hannu rabbana kake shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa rana nan da mako biyu. Kafin ta zo ka ga likita ko mai harhaɗa magunguna kan cingam ko filastar nikotin, akwai kuma ƙwayar varenicline da likita ke rubutawa. Ka fitar da ashana da kwalin ajiya daga ɗaki da mota.

Sai ka ɗauki biro ka rubuta lokutan da hannunka ke zuwa aljihu da kansa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya daɗe yana nuna cewa shiri mai siffar "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi niyya tsura tasiri. Idan na gama cin abinci, zan miƙe in goge baki nan take. Idan aboki ya miƙo mini kara, zan ce na bari in matsa gefe. Sha'awar tana zuwa ne kamar igiyar ruwa, 'yan mintoci ta wuce. Shekara guda bayan ka bari, ƙarin haɗarin ciwon zuciyarka zai sauko kusan rabi, wanda ya bari kafin shekara 40 kuma yana kauce wa kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin mutuwar da sigari ke jawowa.

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce. Na ji an ce abu yana zama jiki a kwana 21, sai na fara tashi ƙarfe biyar ina motsa jiki. A rana ta tara na makara, tun daga nan ban sake yi ba, mako guda ke nan. Nakan kwanta wajen ƙarfe ɗaya na dare. In sake ƙirgawa daga farko?

Amsa: 'Yata, kwana 21 ɗin nan zance ne da ya yaɗu kawai. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a a Landan sun bi mutum 96 da ke koyon sabuwar ɗabi'a. Matsakaicin lokacin da ta ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, wasu kwana 18, wasu an ƙiyasta sai 254. Sun kuma ga fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Don haka babu wata ƙirga da ta karye, kwana takwas ɗinki suna nan.

Matsalar tana layin ƙarshe na saƙonki. Kwanciya ƙarfe ɗaya, tashi ƙarfe biyar, barcin awa huɗu ke nan, babba kuwa yana bukatar aƙalla bakwai. Ranar tara bashi ne jikinki ya karɓa. Ki mayar da motsa jikin yamma, minti 15, kwana uku a mako, ki sa masa ranaku da suna. Barcin kuma ki riƙa jawo shi baya da rabin awa duk bayan kwana uku ko huɗu, har ki kai sha ɗaya. Kofi ko shayi mai sinadarin kafeyin, mai hana barci, kada ya wuce tsakar rana, don rabin sinadarin yana nan a jini awa biyar bayan an sha. Wayar kuma a sa ta caji nesa da gado, inda sai kin taka kafin ki ɗauko ta. In kin yi wata guda a haka kina farkawa ba ƙararrawa, ki sake rubuto mini mu yi maganar ƙarfe biyar.