Me ya sa ƙofar BTR-82A take a gefe?

Malam, ka tambayi dalilin da sojoji ke fita daga wannan motar yaƙin ta Rasha ta gefe maimakon ta baya. Inji ne ya cinye bayan: dizal na KamAZ mai ƙarfin doki 300, ga famfon da ke tura ta cikin ruwa. Sai aka yi ƙofa kowane gefe, tsakanin taya ta biyu da ta uku. Rabinta na ƙasa yakan sauko ya zama matakala. Matsattsiya ce kuwa, sojoji bakwai sai ɗaya bayan ɗaya, taya dab da ƙafa.

Kada bindigarta mai milimita 30 ta sa ka ɗauke ta tanka. Sulkenta na tare harsashin ƙananan bindigogi ne, roka na huda shi. Dabarar dira tana tafiya kuwa, sai wurin mai horar da sojoji.