Tankin motar haidirojin, da tsingaron da ke tsalle a kan ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni bakanike ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Na ji ana cewa akwai motocin da ke aiki da iskar haidirojin, ruwa kawai ke fita ta salansarsu. To me ya hana a ɗura wannan iska a tukunyar gas irin ta girki a ɗora wa mota? Sannan da muka je tafkin Madarunfa ɗana ya tambaye ni abin da ke sa tsingaro tsalle a kan ruwa in an wurga shi, na rasa abin da zan ce masa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Motocin suna nan, ba jita-jita ba ne. Kamfanin Toyota ya fito da Mirai a 2014, Hyundai kuma ya fito da Nexo a 2018. A cikinsu akwai na'urar da ke haɗa haidirojin da iskar oksijin ta ba da lantarki, lantarkin ya juya ƙafafu, abin da ya saura shi ne ruwan da ka ji labari. Wajen tanki ne gizo ke saƙa, kuma nan tambayarka ta dosa.

Haidirojin ya fi kowane sinadari rashin nauyi. Kilo 1 nasa yana da ƙarfin da ya kusa ninka na kilo 1 na fetur sau uku. Amma in ka bar shi ba matsi, wannan kilo ɗayan zai cika wuri mai faɗin lita dubu 11, wato kamar ƙaramin shago mai mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, da tsayin kusan mita 3. Mota kuwa tana bukatar wajen kilo 5 kafin ta yi doguwar tafiya. Shago biyar ke nan za ka ɗaura mata.

Ɗauki tukunyar gas ta gidanka ka girgiza, za ka ji abu yana motsi ciki kamar ruwa. Gas ɗin girki da matsi kaɗan yake zama ruwa, shi ya sa kilo 6 ko 12 ke shiga ƴar tukunya. Shi haidirojin ko yaya ka matsa shi a zafin da muke ciki ba zai zama ruwa ba. Don haka a Mirai ake danna shi har bar 700 (bar shi ne ma'aunin matsin iska). Ka tuna mai faci bar 2 da ƴan kai yake sa wa tayar ƙaramar mota. Wannan ya ninka shi kusan sau 300. Da duk wannan matsi, kilo 5 sai ya ci tankuna masu ɗaukar lita sama da 120. Ana yin su da roba ta musamman daga ciki, a naɗe ta da zaren kabon mai kauri, domin haidirojin yana kutsawa cikin wasu ƙarafa ya sa su gautsi har su tsage. Ko wajen ɗurawa sai an sanyaya iskar zuwa digiri 40 ƙasa da sifiri, saboda zafin da take ɗauka in ana danna ta.

Ina roƙonka, kai da yaran garejinka, kada wani ya gwada wannan da tukunyar girki ko tankin da aka yi wa walda. Haidirojin ba ya wari, harshen wutarsa da kyar ake ganinsa da rana, kuma ƴar tartsatsi ta isa ta tayar da shi.

An gwada wasu hanyoyi. BMW ya yi motar gwaji mai haidirojin na ruwa, wanda sai an kai shi digiri 253 ƙasa da sifiri. Sanyayawar kaɗai tana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, kuma in mota ta daɗe a ajiye sai ya riƙa tururi yana tsiyayewa. Akwai kuma garin wasu ƙarafa da ke tsotse shi kamar soso, sai dai nauyinsu ya yi wa ƙaramar mota yawa. A ganina, da sauran lokaci kafin irin wannan mota ta shigo garejinka, tunda ko a Japan da Amurka gidajen ɗura mata ƙalilan ne.

Shi kuma yaro, ka ce masa ya yi tambayar malamai. Tsingaro in ya sauka da gudu bakinsa na gaba a ɗage, yana danna ruwa ƙasa, ruwan kuma ya tunkuɗo shi sama. Abin da ke hana shi kifewa shi ne juyin da ɗan yatsa ke ba shi lokacin saki, kamar yadda katantanwa ke tsayawa cak muddin tana juyi. Kowane tsalle yana rage masa gudu, shi ya sa na ƙarshe-ƙarshe suke matsowa kusa da juna kafin ya nutse. Masana a Faransa, cikinsu har da Lydéric Bocquet, sun gwada da faifan ƙarfe suka bayyana a 2004 cewa karkatar da ta fi dacewa tsakanin dutse da fuskar ruwa ita ce wajen digiri 20. Wani Ba'amurke, Kurt Steiner, ya sa dutse ya yi tsalle 88 da jifa ɗaya a 2013.

In kun koma Madarunfa, ku je da sassafe kafin iska ta tayar da ruwan. Ya zaɓi tsingaro mai faɗi wanda ya cika masa tsakanin babban yatsa da manuni, ya rusuna sosai har hannunsa ya kusa gwiwa, sannan ya saki.