Amsa ga almajirina kan sauya katin hoto a laftof

Ɗana, ka tambaye ni ko za mu iya cire katin hoton laftof ɗin da aka kawo mana mu sa wanda ya fi shi ƙarfi, tun da mai ita yana kukan cewa wasanni suna sarƙe masa. Tambayar ta dace, amma kafin ka kwance ko noti ɗaya ina so ka fahimci yadda aka ƙera na'urar.

A kwamfutar tebur katin hoto, wato sashen da ke sarrafa hotunan da ake gani a allo, zaman kansa yake yi, ana zare shi daga raminsa a soka wani. A mafi yawan laftof kuwa babu wani kati, guntu ne da aka liƙe a jikin madabod, wato babban allon da sassan na'urar ke haɗe a kansa, da ɗaruruwan ƙananan ƙwallayen dalma a ƙarƙashinsa. Ko da ka ɗaga shi da injin iska mai zafi ba tare da ka ƙona komai ba, wani samfurin ba zai zauna a gurbinsa ba, domin tsarin ƙafafunsa daban ne, wutar da yake sha ta fi abin da madabod ɗin ke bayarwa, kuma fanka da bututun jan ƙarfen da ke kwashe zafi an auna su ne daidai da tsohon. Ban yarda ka ɗora zafi a kan lafiyayyen madabod saboda wannan buri ba.

Akwai 'yan kaɗan da suka fita daban. Kamfanin NVIDIA ya fito da tsarin MXM a 2004, inda guntun ke kan ƙaramin allo mai ciruwa, sai dai manyan na'urori ƙalilan ne suka bi shi. A zamanin nan Framework Laptop 16 tana da sashen hoto da ake sauyawa.

Hanya ta biyu ita ce akwatin waje, wanda ake sa katin kwamfutar tebur a cikinsa a haɗa shi da laftof ta kafar Thunderbolt 3 ko 4, mai gudun gigabit 40 a daƙiƙa. Ka lura sosai a nan, domin ba kowace kafar USB-C ce Thunderbolt ba, sai ka ga alamar walƙiya ko ka tabbatar a takardar bayanin na'urar. Kafar tana ba da layukan wucewar bayanai 4 ne kawai inda ramin kwamfutar tebur ke ba da 16, saboda haka katin ba zai nuna dukan ƙarfinsa ba, musamman idan hoton zai komo allon laftof ɗin maimakon a jona wani allo kai tsaye a jikin katin. Kwamfutocin Mac masu guntun M1 da na bayansa ba sa karɓar wannan akwati don wasanni.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, sau da yawa guntun bai gaza ba, zafi ne ya danne shi. Idan ƙura ta toshe fanka, man da ke tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya kuma ya bushe, na'urar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa wasa yake fara tafiya lafiya sannan ya lalace bayan 'yan mintuna. Sai kuma ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi: idan sashen hoton na cikin furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, daga ram yake aron ma'ajiya, kuma sanda biyu masu aiki tare suna ninka faɗin hanyar da sanda ɗaya ke bayarwa. Caja ma ka duba ta, domin ƙarama ko wadda ba ta asali ba tana hana guntu samun wutar da yake buƙata.

Saboda haka ka buɗe wannan laftof ɗin, ka cire haɗin batiri tukuna, ka share fanka, ka sauya man, ka duba ko akwai ramin ram da babu komai a ciki. Bayan ka sabunta direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa guntun, ka gwada wasa ɗaya na rabin awa da caja a jone, ka rubuta zafin da ya kai kafin gyara da bayansa, sannan ka kawo mini mu yi wa mai ita bayani tare.